Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kamfanin da Kaka ya sani

Makon jiya mun rabu ina aji huɗu a makarantar wusɗa (midil) ta Sinnar a ƙasar Sudan, ina zaune gidan kawuna, ran Alhamis da yamma in hau lori in koma gida Mai Wurno. Yau labarin wani darasi ne da aka yi mana a aji, wanda na ɗauka da zafinsa na kai wa kakana a gonar auduga. Cikin duk abin da na karanta a wannan makaranta, babu wanda ya bi ni har tsufa kamarsa.

Malamin tarihinmu mutumin Dungula ne, dogo, marar jiki, ba ya ɗaga murya. Ustaz kawai muke ce masa. Yana da wata tsohuwar taswira ta yadi da yake naɗewa a jikin gora, duk inda Ingila ta mallaka an shafa masa ja, na Faransa kuma kore. Ranar da ya rataye ta, ya ɗora tsinin sandarsa a bakin Farin Bahar, wato Farin Nilu, can kudu ƙasar Shuluk, ya ce, "Wa ya san Fashoda?" Aji ya yi tsit. Ya ce ba laifinmu ba ne, tun 1904 Ingilishi suka sauya wa wurin suna zuwa Kodok don kada sunan ya riƙa sosa wa Faransa inda ke mata ciwo.

Ya ce Faransa so take ta ɗinke Afirka daga yamma zuwa gabas, daga Dakar har Jibuti. Ingila kuma ta zura allurarta daga Alƙahira tana son ta ɓullo a ƙarshen kudu. Zaren biyu dole su sarƙe a wani wuri, a Fashoda kuwa suka sarƙe. Wani kyaftin na Faransa mai suna Marchand ya taso daga gaɓar tekun yamma, shekara biyu yana ratsa daji da fadama, da Turawa 'yan ƙalilan da sojojin Sanagal ɗari da wani abu. Har ƙaramin jirgin ruwa suka kwance gunduwa-gunduwa, 'yan dako suka ɗauke shi a ka. Ran 10 ga Yulin 1898 ya kafa tutar ƙasarsa a Fashoda. Ran 2 ga Satumba Kitchener, janar ɗin Ingila, ya karya rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Karari, bayan garin Umdurman, bai huta ba ya haura Bahar da jiragen yaƙi, cikin kwana goma sha shida ya tsaya a gaban Marchand. Jaridun Landan da na Faris suka yi ta hura wuta, aka ɗaura ɗamara kamar gobe za a gwabza. A can bakin ruwa kuwa mutanen biyu zama suka yi cikin jirgi, suka gaisa, suka sha abin shansu, suka bar wa manyansu magana. A Nuwamba Faransa ta umarci mutuminta ya janye. A Maris na 1899 suka sa hannu a takarda, suka shata inda rabon kowa ya tsaya.

Ustaz ya ajiye sanda ya ce, "Ku riƙe wannan. A Karari mutum fiye da dubu goma suka kwanta cikin safiya ɗaya, na Kitchener da suka mutu ba su kai hamsin ba. A Fashoda ko harsashi ɗaya ba a harba ba."

Mako na biye ya zo da taswirar Indiya, ya ce gabar nan tsohuwa ce, kuma 'yan kasuwa ne suka fara ta tun kafin sarakuna su sa baki. A 1600 Sarauniyar Ingila ta ba wasu attajiran Landan takardar izini su kaɗai su yi fatauci a gabas. Faransa ta kafa tata sharikar a 1664. Shekara da shekaru ba su da komai sai rumbunan ajiya a bakin teku, na Ingilishi a Madras da Bombay da Kalkata, na Faransa a Pondicherry, suna sayen barkono da yadi da alharini da baba, suna durƙusa wa sarakunan ƙasa suna neman alfarma. Da daular Mugal ta fara tsagewa bayan rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707, sai gwamnan Faransa Dupleix ya gano wata dabara: ya ɗauki 'yan ƙasa ya koya musu faretin Turai, ya ba su bindiga, in 'ya'yan sarki biyu suna rigimar gado ya ara wa ɗaya sojoji, in ya ci sarauta ya biya da ƙasa. Ingilishi suka kwaikwaye shi har suka fi shi. A 1757 Robert Clive, wanda da aikin akawu ya shigo sharikar, ya tsaya a Plassey da mutum wajen 3,000, mafi yawansu Indiyawa, gaban Sarkin Bengal Sirajud Daula mai wajen 50,000. Tun kafin ranar an riga an saye babban kwamandan sarkin, Mir Ja'afar, ya tsaya da rundunarsa yana kallo. A 1761 Pondicherry ta faɗi. A 1765 Sarkin Mugal ya miƙa wa sharikar karɓar harajin Bengal da Bihar da Orissa. Daga ranar, da kuɗin harajin talakan Indiya take sayen yadin da talakan ya saƙa. Sai bayan boren 1857 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannunta a 1858.

Na fita daga ajin kaina ya cika fal. 'Yan kasuwa masu sojoji, masu kotu, masu haraji! Ban taɓa jin irin wannan ba.

Azumin shekarar, farkon 1964, cikin sanyi ya faɗo, daidai lokacin tsinkar auduga, abin da a nan muke cewa lagiɗ. Gidanmu duk shekara sai an tafi Jazira, a sauka a kambo, sansanin 'yan ƙwadago, a gefen tur'a, hanyar ruwan noma, a yi wata biyu ko uku ana tsinka a hawashar wani, wato gonarsa. Da aka ba mu hutun ƙaramar sallah sai na bi su can. Wanda bai taɓa tsinkar auduga da sassafe cikin sanyin Jazira ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ɓawon ƙwallon in ya bushe tsini gare shi kamar ƙaya, yana shiga gefen farce, ga hannu ya ƙandare, ga baki da azumi. Innata ba ta miƙewa sai ta kai ƙarshen layi, zanenta ɗaure a ƙugu, hannu biyu take tsinka, tana tafe tana salati ƙasa-ƙasa. Idan la'asar ta yi sanyi kowa ya ɗauko guffarsa, wato kwandonsa, a ka zuwa wurin awo, inda aka kafa itace uku aka rataye mizani a tsakiya. Wakilin mai hawasha ya ɗora, ya cusa hannu cikin audugar ya matsa, ya ce akwai raɓa, ya cire na raɓa, ko da rana ta wuni tana dukanta. Inna ba ta iya karatu ba, amma ta san inda allura ta tsaya jiya, don haka idonta ba ya barin allurar. Wata rana ta yi magana, wata rana ta haɗiye.

Kaka ya tsufa da tsinka. Yana bin mu ne don ya ja mana salla ya kuma tsare kambo. Yana zama ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya, amma lokacin awo sai ya ajiye ya taso da sandarsa ya tsaya nesa kaɗan, bai ce uffan ba, sai an gama. Sunansa aka sa mini, shi ya sa Takwara yake kirana, Baba kuwa ba ya kama sunan, Abba yake ce mini.

Daren jajiberin salla, bayan an sha abre an ci tuwon dawa da miyar weka, yana kishingiɗe a angarib ni ina kan tabarma, sai ya ce, "Takwara, me suke koya muku a Sinnar ɗin nan da ya hana ka zuwa tsinka?" Na gyara zama na kwashe labarin Indiya na ba shi, ina cakuɗa Hausa da Larabci kamar yadda muke yi, ina ta cewa sharika, sharika, sunan ƙungiyar 'yan kasuwa da Larabci. Ya saurara har na kai inda 'yan kasuwa suka ɗauki sojoji. Sai ya ɗaga hannu.

"Wannan da kake faɗa ai Kamfani ne."

Ban taɓa jin kalmar ba. Mu da aka haifa a nan sharika muka sani. Shi kuwa shekara sittin da ɗoriya yana ɗauke da ita a bakinsa tun daga bakin Kwara, bai sami wanda zai furta wa ba. Ya tashi zaune, ya ce in ƙara itace a wuta.

Shekarun da zan riƙa sawa a nan ni na bi littattafai daga baya na ɗora su. Shi lissafinsa da shekarar igwa ne, ta yaƙin Bida, da shekarar Burmi, da shekarar jirgin sama.

Mahaifinsa bafatake ne daga Kura ta ƙasar Kano. Yakan ɗauki turkuɗi da kanwa a jakuna ya gangara Nufe, ya sayar a Bida, ya sayo goron laɓuje da mundaye da kayan tagulla, wani lokaci ya zarce har Eggan a bakin Kwara inda jiragen Nasara ke tsayawa. Ya sha gaya wa 'ya'yansa labarin zamanin da yake kira na kanti biyu. Rumfunan kwano biyu ne a bakin ruwa, kowace da tutarta, ɗaya ta Ingilishi ɗaya ta Faransa. In ka kawo man kaɗe ko hauren giwa, wannan ya taya, wancan ya aiko yaronsa ya ja ka gefe ya ƙara. Gishiri da akoko suka yi araha har talaka ya yi sabuwar riga. Mutane suka ɗauka haka duniya za ta tabbata. Wata shekara ya sauko ya tarar an rufe rumfar Faransa, sikeli ɗaya ya rage a bakin kogi. Abin da sikelin nan ya ce shi ke nan, in ba ka yarda ba ka mai da kayanka Kano.

Da na girma na gane abin da ya faru. Wani tsohon hafsan soja ne, George Goldie, ya tattara kamfanonin Ingilishi da ke Kwara ya mai da su ɗaya a 1879. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce a ƙuruciyarsa ya yi shekaru a wannan yanki namu na Masar da Sudan, ya koyi Larabci, kuma wajen alhazan Hausawa masu bin hanyar Makka ya ji labarin ƙasashen Kwara. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Arahar da kakan mahaifina ya gani yaƙi ne ake yi da farashi: Goldie ya yarda ya yi asara har sai aljihun Faransawa ya ƙone. A 1884 suka sayar masa da kantunansu suka tafi, daf da zaman Balin inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka, sai Ingila ta shiga zauren tana cewa babu kowa a ƙasan Kwara sai ita. A 1885 ya tura Joseph Thomson Sakkwato da Gwandu ya dawo da takardu. Sarakunanmu sun ɗauka izinin ciniki suka bayar, Kamfani ya nuna wa Turai takardun a matsayin an ba shi ƙasa. A 1886 aka ba shi takardar sarauta ya zama Royal Niger Company, da ofishinsa a Asaba, da barikinsa a Lokoja, da kotu da kurkuku da kwastan. Mutanen Nembe da kakanninsu suka yi ciniki a kogin tun kafin a haifi Goldie, aka wayi gari su ne baƙi, sai sun biya lasin. Da yunwa ta ishe su, Sarki Koko ya kai hari tashar Kamfani ta Akassa a Janairun 1895. A can yamma kuma tsere ake yi da Faransa a kan Bargu. Lugga da muka sani da Gwamna, a lokacin ma'aikacin Kamfani ne, shi aka tura ya riga wani kyaftin na Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki a 1894.

Kaka bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba. Abin da ya sani, yana ɗan shekara takwas ko tara mahaifinsa ya fara tafiya da shi fatauci, kuma tafiyar farko ta rutsa da su a Bida, a farkon 1897. Ya ce da safe ya hau kan ganuwa tare da yara, ya ga dawakin Nufe sun cika fili iyakar ganin ido, alkyabbu da māsu suna ƙyalli. Can nesa ga wasu 'yan mutane sun taru wuri ɗaya sun yi murabba'i, kamar a share su da tsintsiya. Su ne sojojin Kamfani, wajen 500. Dawaki suka zabura. Sai bindiga mai ruwa ta fara magana. Ya ce babu dokin da ya isa kusa da su. Daga baya igwa ta fara faɗowa cikin gari, jinka ta kama da wuta, Etsu Abubakar ya fita da mutanensa.

Nan ya yi shiru, ya daɗe yana kallon wuta. Sannan ya ce, "Takwara, ba igwar ce ta zauna mini a rai ba. Da suka shigo gari, muna ɓoye a zauren mai masaukinmu, sai wani soja ya leƙo, jar hula a kansa, gumi ya jiƙa shi. Ya dube ni ya ce, 'Yaro, ina rijiya?' Da Hausa. Hausar da uwata ke yi mini."

Na ce, "Kaka, haka Ustaz ya ce aka yi a Indiya, sojojin sharika 'yan ƙasa ne."

Ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari."

Ba zan ɓoye muku abin da shi bai ɓoye mini ba. Ya ce a kasuwar Bida ya ga mutane a ɗaure ana taya su kamar awaki, akwai yara sa'anninsa a ciki, kuma wannan ma bai taɓa barin idonsa ba. Kamfani ya ce don hana wannan ya zo. Ni dai a ganina zaluncin da ya tarar gaskiya ne, amma abin da ya tayar da shi daga Lokoja a wannan rani har ya zarce Ilori a watan da ya biyo, tsoro ne kada Faransa da ke matsowa daga yamma ta riga shi. Gwamnatin Ingila ma da ta ga abin ya fi ƙarfin 'yan kasuwa, ta kafa tata rundunar a hannun Lugga, ta sasanta iyaka da Faransa a Yunin 1898, sannan ran 1 ga Janairun 1900 ta karɓi ƙasar daga hannun Kamfani. Ta biya shi fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. An sayar da mu an saye mu, babu wanda ya sani a Kura. Iyakar da suka ci gaba da gyarawa ita ce ta bar Katsina a hannu ɗaya Maraɗi a wani, Daura nan Damagaram can.

Kano ta faɗi hannun Ingilishi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Da Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya nufi gabas, mutane suka riƙa barin gonaki da karofi suna bin sa. Mahaifin Kaka ya sayar da jakunansa sai biyu, ya kwashi iyali ya bi. A Burmi ya kwanta, ran 27 ga Yuli, ranar da Sarkin Musulmi ya yi shahada. Kaka yana ɗan sha biyar ya ja hannun uwarsa da ƙanensa suka fita ta baya.

Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya iso bakin Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, 'yan shekaru bayan Burmi, garinmu sunansa ya ci. Amma talakawa irin su Kaka ba su da guzurin tafiya ɗaya. Sukan yi damina biyu ko uku a wuri, su yi noma, su yi ɗinkin hula, su tara, su ƙara gaba. Ya ratsa Barno da Rabe ya bari a kwance. Ya ƙetare Shari a Kusuri, inda Faransa ta kashe Raben a 1900, shi ma ɗan nan ne, daga Halfaya kusa da Hartum. Ya zauna a Wadai yana murna ya iso ƙasar da Musulmi ke mulkin kansu. A 1909 Faransa ta shiga Abeshe. Ya tattara ya shiga Dar Masalit. A 1910 Faransa ta biyo, aka gwabza a Doroti, Sultan Tajuddin ya faɗi, kwamandan Faransa Moll shi ma ya faɗi. A wannan hanya uwarsa ta rasu. Ya isa Fashir ƙarƙashin Sultan Ali Dinar, ya yi aure, aka haifi babban wan Baba, ya ce to nan kam an tsira.

"Sai wata safiya muka ji ƙara a sama, muka ɗaga kai muka ga abu kamar shirwa, ba ya kaɗa fiffike. Ingilishi ne. Ta hanyar Nahud suka zo, Takwara. Shekara goma sha uku ina gudu ina fuskantar gabas, ashe ta gabas ɗin za su ɓullo."

Wannan 1916 ke nan. A nan ne na tuna takardar da Ustaz ya faɗa mana, ta Maris 1899. Na ce, "Kaka, ai tun bayan Fashoda suka rubuta. Wadai ta Faransa, Darfur ta Ingila." Ya sa na sake faɗa. Ya ƙirga da yatsu, ya haɗa shekarar da na faɗa da shekarar igwa. Ya ce, "Wato tun ina Kura ina wanke allo aka raba Abeshe da Fashir? Su kansu sarakunan ba su sani ba?" Na ce haka Ustaz ya ce. Ya yi salati, ya sake yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma har yau ina tambayar kaina ko da ma ban faɗa masa ba. Layin nan da aka ƙarasa shatawa tsakanin Junaina da Adre, shi ne wanda dubban mutane suka tsallaka da ƙafa suna gudun yaƙi a 2023, wannan karon suna fuskantar yamma. Ni ma da nake rubuta muku wannan, a Gadarif nake, a ɗakin da ba nawa ba.

Bayan Fashir Kaka bai ƙara gudu ba. Ya bi ta Ubayyid ya gangaro har Mai Wurno, ya tarar ana ɗaukar lebura a Makwar, inda ake datse Bahar Azraƙ. Ya ɗauki dutse a kansa shekara da shekaru har aka gama madatsar Sinnar a 1925. Da ruwa ya shiga tur'o'i ya malala cikin Jazira, sai ya ji ana cewa sharika ce za ta tafiyar da noman. Ita ce Sudan Plantations Syndicate, mai hedikwata a Barakat. Masaƙun Lancashire ke son auduga mai dogon gashi, gwamnati kuma na son kuɗin da za ta riƙe ƙasa. Aka raba ribar auduga: kashi 40 cikin ɗari na masu hawasha, 35 na gwamnati, 25 na sharika, daga baya aka koma 40 da 40 da 20. Mu masu tsinka ba mu cikin lissafin, daga kason mai hawasha ake biyanmu. Kaka ya ce wannan Kamfanin bai zo da igwa ba, makullin ruwa ke hannunsa. Mufattishi, wato sufeton sharika, ya zo a kan doki ya faɗi ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar tuge kara a ƙone, farashi kuma sai an aiko daga bayan teku. Bai hana shi faɗin alherin abin ba. Ya ce tun da ruwan nan ya zo bai ƙara kwana da yunwa irin ta Wadai ba, kuma da kuɗin lagiɗ ya sauke farali a ƙarshe, ta Sawakin, bayan shekara talatin da wani abu da barin gida. Wa'adin sharikar ya ƙare a 1950, hukumar Jazira ta karɓa. Tutar Ingila da ta Masar suka sauka ran 1 ga Janairun 1956.

Na ce, "To ai yanzu sun tafi, Kaka."

Ya nuna wajen itatuwan nan uku da ke tsaye cikin duhu. Ya ce in je in kwanta, gobe idi.

Bayan salla na koma Sinnar, na tsaya bayan aji na ba Ustaz labarin. Ya zaunar da ni a ofis ya sa na maimaita yana rubutawa a bayan littafinsa, ya ce in gaida masa da tsohon. Muka yi jarrabawa, Allah ya ba ni sa'a, sunana ya fito cikin waɗanda za su wuce makarantar sanawi, wato sakandare. Sai aka ce kowa ya kawo takardar jinsiyya, wato ta shaidar ɗan ƙasa.

Ba mu da ita. Babu wanda ya taɓa nema a gidanmu, don tsinkar auduga ba ta tambayar takarda. Baba ya sa farar jallabiyarsa, muka ɗauki Kaka a matsayin shaida, muka hau lori tun asuba zuwa wani ofishi. Muka yi layi har azahar. Ma'aikacin ya dubi sunayenmu, ya dubi tsagen fuskar Kaka, ya ajiye alƙalami. Ya karanta mana abin da dokar 1957 ta ce: ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko iyayensa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897, wato kafin rundunar Kitchener ta iso Umdurman. Ya ce, "Ku tambayi tsohon nan, a wannan rana ina yake?"

Kaka na jin Larabci, amma kunnensa ya yi nauyi. Ya juyo ya ce, "Takwara, me ya ce?" Na sunkuya na faɗa masa da Hausa, na ce ƙarshen shekarar igwa ake tambaya. Ya gyara riƙon sandarsa, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Gaya masa ina Kura. Gaya masa kuma madatsar da ke shayar da ƙasar nan, akwai dutsen da na ɗora da kaina."

Baba ya damƙe hannuna ta ƙarƙashin tebur har sai da na ji zafi. Ya ce a hankali, "Abba, yi tunani." Ma'aikacin yana kallona, ya ɗauki alƙalaminsa, yana jira in fassara.

Abin da na ce masa, da abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.